Na Shafe Zakunan Shehu, Saura Yohanna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Shehu makwancinsa, kuma har yau ban sani ba ko alheri na yi masa ko ɓarna. Da wannan nake so in fara, don kada mai karatu ya gyara zama yana jiran yabon mamaci irin wanda aka saba, a ce mutumin kirki ne, bai taɓa sa-in-sa da kowa ba. Shehu yana faɗa da kowa. Ni kaina mun taɓa yin wata guda ba ma gaisawa a kan launin wutsiyar ɗawisu. Allah Ya jiƙansa dai.

Ni kafinta ne, na bodin manyan motoci. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa ya wuce. Garejinmu yana nan Minna, a bakin hanyar da ke fita zuwa Gwada, inda motocin doya suke tsayawa gyara. Ni ne zan haɗa bodi da katako, in ɗaura marfin baya, sannan Shehu ya zo da gwangwanayensa da galan na kananzir ya yi zane a kan marfin. Zaki ya danne barewa. Mikiya ta suri maciji. Maharbi ya durƙusa a bayan dutse. Bafulatana da ƙwaryar nono a ka, tana kallon gefe kamar an kira sunanta. Duk wanda ya bi hanyoyin nan a wancan lokaci ya ga hannun Shehu, ko da bai san sunansa ba, kuma yawanci ba su sani ba.

Yana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi. Ba ya duba aikinsa a kusa. In ya ja burushi kaɗan sai ya ajiye, ya tsallaka titi, ya je har rumfar mai shayi ya tsaya, ya kanne ido yana kallo, sannan ya dawo. Aikin yini ɗaya sai ya ci uku, ni kuma direba yana kaina yana masifa. Da na yi magana sai ya ce ba don ni yake zane ba, ba kuma don mai mota ba. Mai mota a gaba yake zaune, ba ya gani. Yana yi ne don mutumin da ke cikin motar baya, wanda ya gaji, ƙura ta rufe shi, ba shi da hanyar wucewa, dole ya yi ta kallon bayan motar nan har Allah Ya kawo inda titi ya buɗe. Ya ce wannan mutumin ne ya cancanci a ba shi abin kallo.

Da rediyonsa mai kaset yake aiki, kiɗan goge kawai. In batir ya yi sanyi, kiɗan ya fara ja kamar mai goge yana gyangyaɗi, ba ya yarda a canja. Wai da wannan jan yake zana sararin sama. Sabon batir kuwa na zana gashin zaki ne. Na ɗauka iskanci ne, har yau ma rabin zuciyata haka take ɗauka.

Alƙalan aikinsa direbobi ne, kuma ba su da tausayi. Wani ya ce zakinsa ya yi kama da mai jin yunwa, a ƙara masa ƙiba kada a ce motar ba ta kawo komai. Wani ya ce mikiyar tana kallon hagu, shi kuma ba ya son abin hagu. Shehu ya zage su, su zage shi, a sha shayi. Amma na ga direban da ya ƙi ɗaukar lodi ya kwana biyu a gareji don kawai fenti ya bushe sosai kafin ƙura ta taɓa shi.

Abin ya fara canjawa ne lokacin da wa'azi ya yi yawa a gari, bayan dawowar mulkin farar hula. Wani malami da ke karatu a masallacin kusa da mu ya yi bayani a kan masu zana abu mai rai, cewa ranar tsayuwa za a ce su hura wa abin da suka zana rai, ba za su iya ba, kuma za a kama su da wannan. Shehu yana sahun gaba. Na ga ƙeyarsa ta yi tsam. Bayan sati ya je ya sami malamin a gida, aka ce masa in an raba kai da gangar jiki, hoton ya tashi daga abu mai rai, ya zama kamar itace. Daga ranar Shehu ya shiga ja wa kowace dabba jan layi siriri a wuya. Zaki, barewa, tsuntsu, duka. Direbobi suka yi ca, wai ya yanka musu zakuna. Ya ce sarƙa ce. Wasu suka yarda, har wani ya dawo da tsohuwar motarsa a sa wa nasa zakin sarƙar shi ma. Kaset ɗin goge kuma ya daina sawa. Ya ci gaba da aiki shiru, sai tari.

Tarin nan ne ya kwantar da shi. Na je duba shi a asibiti bayan la'asar, ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ya kori kowa, ya riƙe mini riga.

"Garba, layin nan bai ishe ni ba. Wayo na yi, kuma na san Wanda nake yi wa wayon. Duk inda ka ga hannuna, ka shafe."

Na ce masa ya bar wannan magana, zai tashi.

"Ka ce to kawai."

Na ce to. Bai kai Juma'a ba.

Wanda bai san harkar mota ba zai ce ai abu ne mai sauƙi, ko kuma abu ne da ba zai yiwu ba. Duka biyun ba haka ba ne. Motocin da suka yi Kudu suka ɓace, waɗannan na bar wa Allah. Amma mota in ta mutu a ƙasarmu, katakonta ba ya mutuwa. Marfin baya katako ne mai kyau, ni na zaɓe shi da hannuna. Sai ya zama ƙofar shago, ko teburin mai nama, ko bangon akurkin kaji. Na sami maharbin Shehu a Garatu ya zama ƙyauren ɗakin injin niƙa, gari ya rufe masa fuska. Na sami zaki a kasuwar Beji, mai tumatir tana baza kaya a bayansa. Na sami Bafulatanar a Gwada, an kifa ta a kan kwata ana takawa a shiga gida. Ranar kasuwa nakan hau babur da gwangwanin shuɗin fenti, in yi sallama, in yi bayani. Wasu su ce bismillah, fenti kyauta. Wasu su ce ba su yarda ba, sai na yi musu sabuwar ƙofa na karɓi tsohuwar. A Beji har suna suka sa mini, Mai Shuɗi, kuma na san a bayan idona cewa suke na taɓu.

Ban ji komai ba a shekarun farko, gaskiya. Aiki ne aka ba ni. Abin da ya fara rikita ni shi ne damina. Fentin da nake saye mai araha ne, na Shehu kuwa shi yake haɗa abinsa, bai taɓa gaya wa kowa da me ba. Bayan damina uku na koma Beji sayen wake, sai ga zakin nan yana kallona ta cikin shuɗin. Ido ya fito, gashin wuya ya fito, har jan layin. Nawa ya wanke, nasa yana nan. Mai tumatir ta ce ai ya daɗe da dawowa, ta ma fi son sa haka, kamar yana cikin ruwa. Na tsaya a wurin kamar wawa. Shin in na rufe abu ya sake fitowa da kansa, na cika alkawari ko ban cika ba? A kan wa laifin yake, ni, ko ruwan sama, ko shi da ya iya haɗa fenti? Daga nan na koma kankarewa da samfefa har sai farin katako ya fito. Wannan ba ya dawowa.

Yanzu ku dubi garin nan. Ba bangon da ba fuskar mutum. 'Yan siyasa, masu maganin gargajiya, amare da angwaye a jikin kalanda, duk inji ne yake bugawa, a yini ɗaya a rufe unguwa. Kowane yaro da waya a hannu yana ɗaukar uwarsa da akuyarsu. Malamin nan da ya yi wa'azin, na ga fuskarsa a takardar sanarwar tafsiri, ƙatuwa, da wuyansa lafiya lau ba layi. Ban je da rashin kunya ba, amma na je na tambaye shi. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce hoton na'ura daban ne, inuwa ce aka kama, ba ƙirƙira ba ce, zanen hannu shi ne abin magana. Na tambayi wani malamin, ya ce asalin hanin a kan abin da ake bauta wa ne, kuma malamai sun yi saɓani mai yawa, wa ya taɓa yi wa bayan mota sujada? Na fito daga wurinsu biyu na fi shiga ruɗewa. Ni ba malami ba ne, ba zan ce wane ya yi daidai ba. Abin da na sani shi ne abokina ya mutu da tsoro a idonsa, su kuma duk suna barci lafiya.

Da Shehu zai leƙo yau, ban san me zai fi ba shi haushi ba. Ko ganin hotuna sun cika duniya ba wanda ya damu, ko ganin irin muninsu. Bayan motoci yanzu sitika ake mannawa, zaki iri ɗaya a mota ɗari, wanda ya yi shi bai taɓa tsallaka titi ya duba ba. Ina jin zai yi tsaki ya ce gara ma da aka shafe nasa, kada a haɗa su a hanya ɗaya. Wani lokaci kuma sai in ji kamar zai kama ni da kokawa ya ce, kai Garba, maganar mai zazzaɓi ka ɗauka?

Bara waccan wani mutum ya zo gareji yana nemana. Malam Ndagi, yana koyar da zane a wata babbar makaranta, da kyamara a wuya da takalmi mai tsabta. Ya ce ya daɗe yana bin bayan tsofaffin motoci yana ɗauka, kuma akwai hannu ɗaya da yake ganewa ko daga nesa, ta yadda ake juya gashin zaki da yadda sama take yin duhu daga gefe ɗaya. An ce masa ni na san mai hannun. Na ce na san shi, ya mutu, kuma aikinsa ni na kankare. Mutumin nan ya zauna a kan tayar mota bai ko share ta ba. Ya yi mini dogon bayani, cewa a wasu ƙasashe akwai waɗanda suka yi zane a bangon wuraren ibada ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ba a san sunansu ba, a lokacinsu leburori ne, yau mutane suna layi don su gani. Ya ce tarihin zanen ƙasar nan ba a ɗakunan nuni yake ba, a kan titi yake, kuma Shehu babi guda ne a ciki.

Na ce masa babin nan ya yi shekara ashirin yana tari a bakin titin nan, ɗan fenti ake kiransa, ba wanda ya zo daga makarantarku ya ce masa sannu. Bai musa ba. Ya ce gaskiya ne.

Sai ya tambaye ni jan layin wuya. Ya ce shi ya fassara shi da cewa Shehu yana magana ne a kan zamanin soja, yadda aka shaƙe masu ƙarfi da marasa ƙarfi. Na yi dariya har na ƙware, na gaya masa ainihin dalili, ina jiran ya ji kunya. Bai ji ba. Ya ciro wani hoto da ya ɗauka kusa-kusa, na wata barewa da ban samu ba, ya ce in duba da kyau. Ya ce wanda tsoro kaɗai yake ja wa hannu, zai ja layin ne a gurguje ya wuce. Wannan kuwa da burushi mafi siriri aka yi shi, ya bi lanƙwasar wuya, ya yi kauri a tsakiya ya sirance a gefe, har da ɗan haske a ƙasansa. Ya ce mutumin nan an ce ya kashe dabbar, shi kuma ya kasa, sai ya yi mata ado.

Na karɓi hoton na duba. Haka yake. Na kankare layin nan da hannuna ban san sau nawa ba, ban taɓa gani ba. Baƙo da takalmi mai tsabta ya zo ya nuna mini abokina. Wannan ya fi komai ci mini rai, kuma har yau ban yafe masa ba, ko da yake ban san laifinsa ba.

Shi ne kuma ya gaya mini akwai ɗaya a cikin gari, cikakke, ko ƙwarzane babu, a gidan wata tsohuwa, Mama Saratu. Da ya faɗi sunan na gane. Matar Yohanna ce, wani direba mutumin kudancin Kaduna da ya zo Minna tun yana saurayi, yana ɗaukar doya daga Gwada. Yohanna ne kaɗai ya taɓa cewa shi ba ya son zaki, shi za a zana. Shehu ya zaunar da shi a kan benci kwana biyu, suna zagin juna, ya fitar da shi yana riƙe da sitiyari, gwiwar hannu a taga, hula a karkace, wushiryarsa a waje. Wannan kafin zamanin layi ne. Yohanna ya riga Shehu rasuwa, motar ta faɗi a hanyar Kudu ta kama wuta, ni kuma na ɗauka komai ya ƙone. Ashe marfin ya ɓalle ya faɗi gefe, abokan aikinsa suka kawo wa matarsa. Malam Ndagi ya roƙe ta ta ba shi aro a kai wurin nuni, ta ce ko ƙofar gida ba zai fita ba.

Na yi wata biyu ina juya abin. Mutum ne fa na gaske, ba tsuntsu ba. In akwai wanda Shehu ya fi tsoro a cikin duk abin da ya zana, wannan ne. Ranar wata Lahadi, bayan sun taso daga coci, na sa samfefa da ƙaramin gwangwani a jaka na tafi.

Ta gane ni, ta ce Kafinta ashe kana raye. Ta kawo mini kunu. Marfin yana jingine a bangon falo, ya kusa cinye ɗakin, an shafe shi da mai yana ƙyalli, an ɗora masa farin leshi a sama. Yohanna yana kallona yana dariya, kamar zai ce in matsa ya yi ribas. Ta ce hotonsa ɗaya ne tak a duniya, na lasin, kuma ya ƙone a aljihunsa. Jikokinta da wannan suka san kakansu. Na sha kunu, na rasa ta inda zan fara, sannan na faɗa mata komai tun daga asibiti.

"Mama, wasiyya ce. Mamaci ne ya bar mini."

"Ni ma mamaci ne ya bar mini," in ji ta.

Na ce to ba zan kankare ba, ta bar ni in ja siririn layi kawai a wuya, ko ba a lura ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kafinta, mota ta kashe shi sau ɗaya. Kai kuma ka sha kununa ka yanka shi a falona?"

Na yi mata bayani yadda na iya, cewa ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne, a wurinmu ana cewa ranar tsayuwa za a kawo Shehu a ce ya hura wa wannan hoton rai. Ta juya tana kallon marfin. Na ɗauka ta fara saukowa.

"To ranar ka aiko a kira ni," ta ce. "In dai za a ce a hura wa Yohanna rai, ina so ina wurin."

Ba dariya take yi ba. Na ɗauki jakata na yi mata sallama, ta raka ni har bakin ƙofa tana cewa in gaida gida.

Ban koma ba. Na yi wa Shehu sadaka, na sa an yi masa addu'a, kuma ina yi masa duk bayan salla. Amma in na zauna ina lissafin abin da ya rage na mutumin nan, sai kaina ya ɗaure. Ya yi shekaru yana ba matafiya abin kallo, ni na bi na mayar da shi farin katako a garuruwa uku, da izininsa, kuma mai ilimi ya ce tarihi na kankare. Abin da ya tsira shi ne 'yan hotuna a kyamarar baƙo, da fuskar wani Kirista mai wushirya a falon matarsa, wadda take shafa masa mai duk sati. Ban sani ba ko wannan shi ne mafi nauyin abin da za a tambaye shi, ko kuma shi ne mafi alherin abin da hannunsa ya taɓa yi. Na tambayi masu sani, kowa ya ba ni nasa. Mama Saratu ta tsufa, ni ma gwiwa ta fara ba ni labari. In na riga ta, magana ta ƙare. In ta riga ni, 'ya'yanta za su ce nasu ne, kuma ba na jin ina da ƙarfin sake zama a falon nan.

Shehu, ka ce in ce to, na ce. Na yi iyakar abin da zan iya, ɗaya ya gagare ni. In an kawo maka Yohanna ranar nan, ka ce ka bar saƙo, Garba ne ya ƙi. A zo a tambaye ni. Ban san amsar da zan bayar ba, amma a zo.